Tafiyar Ƙarshe da Motar Malam Zuwa Sabuwa

Tun da na dawo daga Sabuwa ba a bar ni na huta ba. Matan unguwarmu da ƙawayena na Islamiyya, duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni yadda hanya take, da abin da ya kai mace mai shekaruna bin hanyar da maza ma ke shakkar bi, da kuma inda na baro motar Malam. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Malam maigidana ne, Allah Ya jiƙansa. Direba ne, kuma kowa a hanyar nan Malam Direba yake ce masa. Motarsa farar fijo ce doguwa, mai kujeru layi uku. Ya saye ta tun ina goyon Bashir, ɗana na uku, wanda yanzu shi ma yake da mata da ɗiya. Da ita yake bin kasuwanni daga nan Ƙanƙara zuwa Sheme da Faskari, ya zagaya har Dandume da Sabuwa. Da ita muka ci muka sha, da ita aka aurar da 'yan matanmu. A bazarar da ta wuce hawan jini ya kayar da shi, bai yi doguwar jinya ba ya rasu. Duk tsawon takabata motar tana ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin kwanciya.

Da aka zo rabon gado 'yan'uwan Bashir mata suka bar masa rabonsu a cikin motar, don ya ci gaba da riƙe gidan da ita. Nan rigima ta taso tsakanina da shi. Shi ya ce a sayar, ya haɗa da abin da aka samu a gona ya sayi ƙaramar mota mai sauran ƙarfi. Ni na ce a gyara. Motar da ta riƙe gida shekara da shekaru ba za ta gaza a hannunsa ba, in dai ba ƙyuya yake ji ba. Ya kawo bakanikai biyu daga tasha, dukansu suka goyi bayansa, na ce yara ne, ba su san ta ba. Malam bai taɓa yarda wani ya buɗe cikin injin nan ba sai abokinsa Malam Idi na Sabuwa. Ƙarshe muka shirya a kan a kai wa Malam Idi, abin da ya ce shi ke nan. Na ce kuma da ni za a tafi, don in ji da kunnena. Bashir ya yi ta roƙona in zauna gida, na ƙi.

Mun tashi da hantsi, lokacin damina ta zo ƙarshe, masara da dawa sun fi mutum tsayi. Sai da maƙwabta suka tura motar kafin ta tashi. Na shiga gaba, kusa da direba. Abin da zai ba ku mamaki, duk zamana da Malam ban taɓa zama a kujerar nan ba. In zai kai mu biki ko suna, baya nake shiga da yara. Kujerar ta lotsa, kuma ƙofar ba ta buɗuwa ta ciki, sai an zagayo an buɗe maka. Warin man fetur da ƙamshin turaren Malam suna nan yadda ya bar su. Na juya kaina wajen taga har muka fita gari.

Tsayawarmu ta farko a 'Yargoje ce. Ba mu yi niyyar tsayawa ba. Awaki ne suka tare hanya a bakin kasuwa, Bashir ya danna oda. Odar motar nan daban take, tana da wata shaƙewa kamar mai mura. Kafin awakin su watse sai ga wata tsohuwa ta taso daga gindin bishiya ta bar ƙoren furarta, tana sauri tana gyara zane. Ta iso tagar direba da fara'arta, ta leƙo, ta ga Bashir. Na ga lokacin da fara'ar ta gushe daga fuskarta. Ta dafa ƙofar.

Sai ta ce, "Na ji ya rasu. Tun da bazara aka gaya mani. Amma da na ji odar nan ƙafata ba ta tambaye ni ba."

Bashir ya gaya mata ni ce matar Malam. Ta zagayo ta buɗe mani ƙofa, da alama ta san halin ƙofar fiye da ni. Sunanta Gwaggo Mairo. Ta zaunar da ni a tabarmarta ta dama mana fura, ta ƙi karɓar komai. Ta ce duk ranar kasuwa nan Malam yake tsayawa ya sha fura, ba ya son sukari, kuma in ya ga nonon ya yi tsami sai ya yi ta yi mata tsiya. Lokacin da ɗanta ya yi ƙaura zuwa Funtuwa, Malam ne ke kai masa saƙon gero ya kawo mata labarin jikoki. Ni a gida na san shi mutum ne marar yawan magana, ya dawo a gajiye, ya ci tuwo, ya kunna rediyo. Ban san yana da bakin tsokanar tsofaffi ba. Na zauna ina sauraron wata mata tana ba ni labarin mijina kamar wani baƙo.

Furar 'Yargoje ta fi tamu yaji, kuma nononsu kindirmo ne na gaske, ba a tsinka shi da ruwa. Na sha kaɗan don kada ta ji ba daɗi.

Daga nan har kusa da Ruwan Godiya shingayen jami'an tsaro ne jefi-jefi. A ɗaya daga ciki aka ce kowa ya sauko. Bashir ya sauka ya tafi da takardu, ya manta da ni. Wani jami'i, ba Bahaushe ba ne, ya tsaya yana yi mani alama da hannu in fito, ni kuma ina ta jan marfin ƙofa ina nuna masa ba ta buɗuwa. Ya ɗauka gardama nake yi. Sai da wani babbansu ya taso ya dubi motar, ya yi dariya, ya buɗe mani da kansa. Da gurɓatacciyar Hausarsa ya tambayi Bashir ina Baba. Da aka gaya masa ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce mani, "Mama, sannu." Ya ce Baba yakan kawo musu rake in ya dawo daga Sabuwa. Ya gargaɗi Bashir kada ya tsaya ko'ina tsakanin Ruwan Godiya da Sheme, komai ya faru.

A Ruwan Godiya mun tsaya mun yi sallar azahar mun ƙara wa mota ruwa. Garin ya ba ni tausayi. Ga gonaki sun yi kyau, amma na nesa da gari duk ciyawa ta cinye su, ba a noma su ba. Wani magidanci ya zo ya yi mani ta'aziyya, ya ce a motar nan aka kai matarsa asibiti tana naƙuda, a lokacin da babu direban da ya yarda ya fito. Ya so mu shiga gidansa mu ci abinci, Bashir ya ce rana na tafiya.

Ba mu yi nisa da barin garin ba na ji wani abu ya yi ƙara a gaba, kamar an tsinka igiya. Can sai tururi ya fara tasowa daga murfin inji. Bashir ya yi ta lallaɓa ta, yana kallon allura yana salati, har ta mutu da kanta a wani kwari. Hagu dawa, dama dawa, ba gida ba mutum. Ya fita ya ɗaga murfin, ya ce fanbel ne ya tsinke, wato ɗamarar da ke juya fankar sanyaya inji, kuma babu wani a motar. Wayarsa ba sabis.

Motoci suna wucewa. Yana ɗaga musu hannu, babu mai rage gudu. Wata ma da ta hango mu tsaye sai ta ja birki daga nesa ta juya ta koma inda ta fito. Ban ga laifinsu ba. A hanyar nan mota tsaye a kwari tana iya zama tarko. Bashir ya zo ya buɗe mani ƙofa ya ce in fito in shiga cikin dawar nan in zauna, kada in motsa sai ya kira ni. Na ce ba inda za ni in bar shi.

Ya ce, "Inna, wannan ba shi ne na farko ba. Bara sau biyu ta yi wa Baba haka a hanyar nan. Na biyun ina tare da shi. Cikin masara muka kwanta da fasinja har da mai jariri, muna jin babura na wucewa. Shi ya ce kada in gaya maki."

Na tuna ranar. Sun dawo kayansu duk laka, Malam ya ce mota ce ta kafe suka tura. Har faɗa na yi masa a kan wanki.

Ina cikin wannan tunani muka ji ƙarar babur daga cikin daji, ba daga titi ba. Bashir ya shiga gabana ya tsaya. Babur ɗin ya fito daga wata 'yar hanya, Bafulatani ne dattijo, da rawani, ya ɗauro jarkokin madara a baya. Da ya gan mu shi ma ya tsaya cak daga nesa. Muna kallonsa yana kallonmu, kowa na tsoron kowa. Ni ce na yi ƙarfin hali na yi masa sallama. Da ya ji muryar mace ya amsa, ya matso a hankali. Bai san Malam ba, bai san motar ba. Ya dubi injin, ya kwance igiyar roba da ya ɗaure jarkokinsa da ita ya miƙa wa Bashir, ya tambaya ko za ta yi. Suka naɗa ta a madadin fanbel suka ƙulle. Ruwan da ke butar Malam da wanda na taho da shi na sha duk aka juye a lagireto, wato ma'ajin ruwan inji. Dattijon ya taya tura motar, da rawaninsa da komai. Da ta tashi ya ce mu tafi kada mu tsaya godiya. Na waiwaya na gan shi yana ƙoƙarin riƙe jarkokinsa da hannu ɗaya, tunda mun tafi da igiyarsa. Ko sunansa ban tambaya ba.

A hankali muka lallaɓa har Sheme, inda aka samu fanbel na hannu aka sa. Daga nan muka karkata zuwa Faskari, gidan ƙanwata Hadiza, muka isa da la'asar.

Rabona da gidan Hadiza an daɗe. Na same shi cike da mutane. Dangin mijinta ne da suka baro ƙauyukansu, kowane ɗaki da iyali, har rumfar da take ajiye itace an kewaye ta da buhu an shimfiɗa tabarma. Mu a Ƙanƙara sai bayan magariba ake kwasar tuwo, su kuwa tun rana da sauran haske an gama ci an wanke kwanuka, don kowa ya shige da wuri. Tuwon masara ne da miyar kuka, a manyan akussa, mata suna ci rukuni-rukuni. Hadiza ta ware mani nawa da man shanu, na ji kunyar ci a gaban yaran da ke kallona, na kira su muka ci tare.

Maganar mota ta taso a tsakar gida. Mijin Hadiza, Alhaji Mamman, ya goyi bayana. Ya ce ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne, motocin yanzu gwangwani ne, ka jingina da su su lotsa, kuma kayan gyaransu sai mai hali. Ya ce a yi mata sabon inji a ga ko ba ta ƙara shekara goma ba. Da a gida na ji wannan magana da na yi murna. Ranar kuwa ban yi ba. Da maza suka fita masallaci Hadiza ta matso kusa da ni. Ita ba ta iya zagaye-zagaye ba tun muna yara. Ta nuna mani wata yarinya matashiya da ke wanke-wanke, ta ce mijinta direba ne, ya fita da safe watanni da suka wuce, motarsa kawai aka gani. Ta ce, "Yaya, ke mi kike so ki riƙe, motar ko yaron?" Na ce mata ai Malam Idi ne zai yanke. Ta ce to, Allah Ya kai mu lafiya.

Da safe muka yi karin kumallo da koko da ƙosai, Hadiza ta ƙulla mana dambu a leda. Akwai gajeriyar hanya daga Faskari zuwa Sabuwa, amma kowa ya ce kada mu bi ta. Muka koma babban titi muka zagaya ta Funtuwa da Dandume. A Dandume na ga abin da ban saba gani ba. Direbobi ba sa tashi ɗai-ɗai, sai su jira juna a bakin gari, in motar farko ta fito daga can ta ce hanya lafiya, sannan a tashi a jere. Muna cikin jiran direbobi suka yi ta zuwa suna dafa motar suna yi wa Bashir gaisuwa. Wani ya ce Malam Direba ne kullum ke shiga gaba, don ya fi kowa sanin ramukan hanyar. Ranar a ƙarshen layi aka sa mu, don in ta mutu kada ta tare wa na baya hanya. Na ga abin ya taɓa Bashir.

Ƙasar wajen nan ta fi tamu ruwa. Ko'ina masara da shinkafa, ga rake a fadamu. Maganarsu ma ta ɗan karkata wajen ta Zazzau, in suna sauri sai na kasa kunne sosai. A Damari taya ta yi faci. Allah Ya sa a cikin gari ne. Ana gyara na zauna a rumfar wata mai abinci, na ci dambun Hadiza, ta ƙara mani da dafaffen rogo da ƙuli. Su a can rake kamar ruwan sha ne, baƙo in ya zauna kafin a kawo masa ruwa an sara masa rake, ni kuwa haƙorana ba su da wannan ƙarfin. Na karɓa na riƙe a hannu don kada a ce na raina.

Nan wani manomi, Alhaji Garba, ya zo ya yi ta zagaya motar. Ya ce ya san ta, ta sha ɗaukar masa kaya. Ya tambayi Bashir ko ta sayarwa ce, yana neman abin da zai riƙa kwaso masa rake daga fadama zuwa bakin titi. Bashir ya dube ni, na kau da kai. Ya ce masa ba a yanke ba tukuna.

Mun shiga Sabuwa bayan azahar. Garejin Malam Idi a bayan tasha yake, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na daɗe ina jin sunansa ban taɓa ganinsa ba. Bai samu zuwa ta'aziyya ba saboda ciwon ƙafa, aike ya yi. Dattijo ne siriri, gashinsa fari fat, yana dogara sanda. Yana zaune a benci muka shigo. Bai tashi ba, ya bi motar da ido har ta tsaya. Da Bashir ya buɗe mani na fito na durƙusa na gaishe shi, sai ya sa hannun riga ya share fuska. Ya ce shi da Malam tun suna yaran mota suke tare, a tasha ɗaya suka koyi kwana da yunwa.

Ya sa aka kai ni cikin gidansa wajen matarsa Hajiya Abu, na yi salla na ci tuwon shinkafa. Amma hankalina na waje, na ce a mai da ni garejin. Na sami Malam Idi ya sa an tayar da motar, ya sunkuya yana sauraron injin. Ya sa aka ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashi, da ƙyar ya miƙe. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya wanke hannu ya zo ya zauna nesa kaɗan da ni, ya kira Bashir.

Ya fara da abin da na zo nema. Ya ce motar tana gyaruwa. Injin ya gaji amma ana iya yi masa aiki, ƙarƙashinta ya ci tsatsa amma ana iya yin walda. Ya ce in na ce a gyara, zai gyara da hannunsa, kuma ba zai karɓi ladan aiki ba saboda wanda ya bar ta. Sai dai kayan irin wannan mota yanzu ba sababbi, sai na hannu da aka ciro daga wata matacciya, ka sa yau gobe wani wurin ya buɗe. Ya ce Malam yana iya tafiya da ita ne don ya san kukanta, kafin abu ya lalace ya ji a jikinsa. Duk da haka a bara sai da ya ce masa ya haƙura da ita, Malam ya ce bari ya ga bayan damina.

Na ce, "Malam Idi, ni dai ka gaya mani gaskiya. In ɗanka ne, za ka ba shi ita?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Hajiya, da hanya tana yadda muka san ta, da na ce a gyara. Da can in mota ta mutu sai ka shimfiɗa tabarma ka jira. Yanzu wurin da ta mutu shi ne maganar. Zan iya gyara maki ita ta yi kyau. Amma ba zan iya ce maki ba za ta sake tsayawa ba, kuma ban san inda za ta tsaya ba. Ɗana ba zan sa shi ciki ba. Wanga ma ɗana ne."

Ban yi kuka a nan ba. Na ce na gode, na ji. Na ce wa Bashir ya nemo mutumin Damari.

Mun kwana gidan Malam Idi. Hajiya Abu ta ba ni gadonta ta kwanta a tabarma, duk yadda na yi da ita ta ƙi. Da hantsi Alhaji Garba ya iso a kan babur da ƙanensa. Maza suka yi cinikinsu, Malam Idi ya tsaya a madadinmu, ni ban sa baki ba. Abu ɗaya na roƙa, na ce kada a sayar da ita ga masu farfasa motoci su auna a sikeli. Alhaji Garba ya ce shi aiki zai yi da ita, daga fadama zuwa titi, ba za ta ƙara yin nisa da gari ba. Ya ce sai dai zai cire kujerun baya don rake ya samu wuri. Na ce ya cire bayan mun tafi.

Muka kwashe abin da ke ciki. Ba wani abin kirki: buta, dardumar salla, tsohuwar hular sanyi, da wasu silifa da Malam ya ɗinke da waya. Na ƙulle su a ɗankwali.

Saura a miƙa makulli. Alhaji Garba ya miƙo hannu, Bashir na tsaye da makullin. Yaron nan da ya yi wata da watanni yana ce mani a sayar, ya kawo mani bakanikai, ya yi fushi ya daina cin tuwona kwana biyu, sai ga shi ya ƙanƙame makullin ya kasa sakewa. Ya ce bari ya gyara mata tsayuwa, ta tare hanya. Ba ta tare komai ba. Ya shiga ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari, bai tayar da ita ba. Can sai ya kifa kansa a kai, kafaɗunsa suna rawa. Tun ranar jana'iza ban ga hawayensa ba, shi ne mai karɓar baƙi, shi ne mai ba kowa haƙuri. Mutanen garejin duk suka juya baya, kowa ya nemi abin yi.

Na ba shi lokaci. Sannan na je tagar na kira sunansa. Ya ce, "Inna, a nan ya koya mani. Ina kan cinyarsa nake riƙe sitiyarin nan." Na ce na sani. Na ce ya fito. Ya fito, na buɗe yatsunsa na ɗauki makullin, na je na sa a hannun Alhaji Garba da kaina. Na ce Allah Ya sa ya mora. Ya karɓa da hannu biyu.

Malam Idi ya raka mu tasha yana dogara sandarsa. Ya yi wa Bashir alkawarin in ya tashi sayen wata ya kira shi, ko a Funtuwa ne zai sa a kai shi ya duba masa. Muka shiga motar haya, mu huɗu a kujerar baya, ni a jikin ƙofa, ƙullin kayan Malam a cinyata. Direban yaro ne mai gudu, ya ƙure waƙa, ba wanda ya san mu a motar.

Ba mu kai Dandume ba na ji nauyi a kafaɗata. Bashir ne barci ya kwashe shi, kansa ya faɗo a kaina, bakinsa a buɗe. Rabon da ya yi haka tun bai shiga makaranta ba. A Funtuwa dole na tashe shi muka canja mota, muna zama ya sake komawa. Kafaɗata ta yi tsami, hannuna ya mutu, matar da ke gefe ta ce in ture shi mana, ƙato da shi. Na ce ta bar shi. Ban motsa ba har muka shigo Ƙanƙara.